Baba Lekan da Sunan da Aka Ara Masa

Har yau in aka tambaye ni wa ya cuci Baba Lekan, shiru nake yi. Ba tsoron kowa nake ji ba, na wuce shekarun tsoro. Rasa wanda zan nuna na yi, kuma duk sa'ad da na ɗaga yatsa sai in ga yana lanƙwasowa wajena. Abin da mutumin nan ya nema a duniya bai taka kara ya karya ba. So yake a yarda cewa maganar da ya faɗa da bakinsa tasa ce, a ba shi kujerar da aka ware wa mai maganar.

Ni sunana Abdulmuminu. Shagon buga takardu gare ni a Fagge, tun zamanin tafireta, kuma bencin ƙofar shagona nan ne majalisar Baba Lekan duk bayan La'asar.

Sunansa na yanka Rasheed Olamilekan Mubarak. A Sabon Gari aka haife shi, shekara goma sha uku kafin 'yancin kai. Mahaifinsa daga Ogbomosho ya zo da kayan koli, ya zauna, daga baya ya mai da iyalinsa unguwar Kwaciri. Hausar Baba Lekan ta fi tawa daɗi. Yarbanci kuwa ba ka jinsa a bakinsa sai in suna faɗa da matarsa Raliat, mai sayar da amala a wata rumfa kusa da Kasuwar Singa. Uban ya so ya gaje shi a shago, amma yaron ba shi da zuciyar ciniki, duk wanda ya marairaice masa sai ya sallama kaya. Da tsohon ya ga za a ƙarar da shi da ransa, ya ce masa ya je ya nemi abin da ya iya. Ya yi yaron mota shekara biyu, amai ya hana shi. Sai ya shiga dako a wani fili bayan Singa inda tireloli ke sauke kaya. Gajere ne, ga ƙirji kamar turmi. Shekara goma sha takwas yana ɗaukar buhu kafin gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji, sai 'yan uwansa 'yan dako suka damƙa masa gwangwani.

Dole in yi bayanin gwangwanin nan, don shi ne labarin. Babban gwangwanin madarar gari ne, fentinsa duk ya goge. Kowane ɗan dako a filin yana da murfin kwalbar lemo guda ɗaya mai alamarsa: wani ya huda nasa da ƙusa sau biyu, wani ya ɗiga jan fenti, wani ya lanƙwasa gefe. Da safe kowa ya jefa nasa a ciki. In mota ta tsaya, Baba Lekan ya girgiza, ya zura hannu ba tare da ya duba ba, ya zaro takwas. Masu su su ne za su sauke motar. Murafen da suka fito suna zama a aljihunsa har sai gwangwani ya ƙare, sannan a sake zubawa. Kafin a ƙirƙiro wannan, da ƙugiyar jan buhu ake raba layi, kuma akwai masu tabo har yau. Shi ya sa a filin nan in babu gwangwani babu mai taɓa buhu.

Doka ɗaya Baba Lekan ya ƙara da kansa. In mutum ya kwanta ciwo, murfinsa ba ya fita daga gwangwani. Ran da ya fito, bakwai su yi aikin takwas, a kai wa mara lafiya rabonsa har gida. Da wannan dokar yake alfahari, ya fi alfahari da ita fiye da 'ya'yansa, kuma a gabansu yake faɗa.

A daminar 1996, soja na mulki, buhun gishiri ya zamo daga saman tirela ya sauka a bayan wani ɗan dako. Kayan Alhaji Tasi'u Mai Gishiri ne, babban dila a wajen. Aka je masa da maganar asibiti, ya ce shi bai ɗauki kowa aiki ba, gwangwani ne ya zaɓo mutumin, don haka gwangwani ya yi masa magani. A lokacin ko a mafarki ka ce yajin aiki sai ka farka ka duba ƙofa. Washegari tireloli uku na gishirin Alhaji suka iso, sai ga Baba Lekan hannu biyu a ka yana salati, wai an sace gwangwani.

Kowa ya nemi inuwa ya zauna. Ba a ƙi aiki ba, ba a dai san na wa ne layi ba. Kwana uku ana haka, sama kuwa ta buɗe, tamfol ɗin motocin duk huji, gishiri ya dinga narkewa yana bin kwata. 'Yan sanda suka zo neman shugaban masu yaji, ba su sami yaji ba balle shugaba. Suka tafi da Baba Lekan ya yini a wajensu, ya ba da jawabi a rubuce cewa sace gwangwanin aka yi yana alwala, ya dangwala yatsa. Rana ta huɗu Alhaji ya sa aka kai mai karayar asibiti. Ko awa biyu ba a yi ba aka tsinci gwangwani a bayan masallacin filin. Duk kwanakin nan yana cikin buhun alabon Raliat, amma ban da su biyu ba wanda ya sani. Ni ma, da nake ganin kaina amininsa, har jaje na yi masa.

Shekara na zagayowa wata malamar jami'a ta fara zuwa filin da rikoda a jaka. Malama Muhibba, 'yar gidan alƙalai ce daga Zariya, mai magana a hankali kamar tana tsoron fasa ƙwai. Bincike take yi kan yadda leburorin da ba su da ƙungiya mai rajista suke kare kansu, da kuma wa ke magana da yawunsu. Ta ji labarin gishiri a bakin mutum goma, kowa da ɓarawon da yake zargi. Baba Lekan ya daɗe yana kallonta. Ina jin sirrin ne ya yi masa nauyi, don mutum ne mai son a san ya yi dabara. Wata ranar Lahadi da hantsi ya gayyace ta gida, Raliat na zaune tana tsinke ganyen miya, ya kwashe komai ya faɗa mata. Amma kafin ta danna rikoda sai da ya tsayar da ita.

"Malama, rantsuwa za ki yi mini."

"Baba, ga takarda nan. Ƙa'idar aikinmu ce ma, ba ma faɗin sunan kowa."

"Takarda ta jami'a ce. Ni da Allah nake so ki rantse. Kuma ki saurara da kyau. Ko ni na zo da ƙafata na ce ki faɗa, kar ki faɗa. Ba ki san wanda ke tsaye a bayana ba."

Ta rantse. Da ta gama kwafe maganar a takarda ta dawo masa da kaset ɗin, ya zare zaren da hannunsa ya cusa a murhun Raliat.

Ita kuma ta tsaya ta ɓoye shi tsakaninta da Allah. Gajere ta mai da shi dogo. Bayarabe haifaffen Sabon Gari ta mai da shi Bahaushe daga wani ƙauye arewa da Kano. Ta rage masa shekara goma. Ta rubuta cewa ɗauke gwangwanin ya yi daga hannun mai riƙe da shi, ya ɓoye a buhun masara a ɗakin abokinsa. Suna kuwa ta ara masa na ƙanen kakanta, Abdulgani, don a ganinta ba za a sami ɗan dako mai irin wannan suna ba.

To akwai shi. Wani mutum ne a filin da kowa ke kira Dogo, ɗan wajen Dambatta, ba ya faɗa, ba ya dogon zance, abinsa rake da gyangyaɗi. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayarsa sunansa sai a ƙarshen 1998, da aka zo rajistar masu zaɓe aka kafa tebur a bakin filin. Ma'aikacin ya ce ba a rubuta Dogo a kati. Mutumin ya yi tunani kamar wanda aka tambayi lissafi, sannan ya ce Abdulgani. Aka yi ta dariya, aka tsokane shi kwana biyu, aka manta.

Farar hula suka karɓi mulki, gari ya cika da masu magana. Wanda jiya ba ya iya tari sai ya waiwaya, yau ga shi a rediyo yana ba gwamnati shawara. A 2000 littafin Malama Muhibba ya fito da Turanci, mai shuɗin bango. Wasu masu fafutukar ma'aikata suka ɗauke shi suna yawo da shi ofis-ofis, har aka yarda a kafa kwamitin da zai tsara dokar aiki a filin: masu kaya kujera uku, direbobi biyu, 'yan dako ɗaya. A takardar kafa kwamitin aka rubuta cewa ya dace kujerar 'yan dako ta tafi ga jarumin nan Abdulgani na shafi na sittin da huɗu.

Sakataren kwamiti ya zo filin da littafi a hammata yana cigiyar Abdulgani. Duk yatsu suka nuna Dogo, yana tsaka da shan rake.

"Ni? Gwangwani?"

Sakatare ya karanta yana fassarawa. Dogo ne? Dogo ne. Daga ƙauye arewa da Kano? Haka ne. Shekara arba'in? Wajen haka.

"To duk ni ne," in ji Dogo, "amma wallahi ban tuna ba."

Aka ce tawali'u ne. Aka ce dama masu shiru-shirun nan ba a rena su. Ba wanda ya iya tuna inda Dogo yake a kwana ukun gishiri, shi ma bai iya ba. Alhaji Tasi'u, wanda shi ne shugaban kwamitin, ya zo ya kalle shi daga sama har ƙasa, ya yi murmushi, ya ce a gaban jama'a ya yafe masa duniya da lahira, ya aiko masa da babbar riga. Ni na tabbata kallo ɗaya ya isa Alhaji ya gane wannan ba mai ɓoye gwangwani ba ne. Shi ya sa yafiyar ta zo da sauƙi.

Nan ne na shigo, kaicona. Dogo ya kawo mini littafin ya ce in juya masa wajen da sunansa yake zuwa Hausa, don ya ji abin da ya ce. Na duba, sunan ya fara a shafi na sittin da huɗu ya ƙare a sittin da shida. Na fassara shafi ukun nan, na buga su tsaf, har ina jin daɗin aikina. Da yake ba ya karatun boko, na zauna ina karanta masa yana maimaitawa kamar hadda. Ina cikin karantawa da ƙarfi Baba Lekan ya iso bencinsa.

"Mu ba mu da ofis, ba mu da hatimi. Alhaji ya ce gwangwani ne ya ɗauke mu aiki, sai na ba gwangwani hutun kwana uku. Abin da muke so ɗaya ne: in buhu ya karya mutum, mai buhun ya san an karye."

Baba Lekan ya miƙe tsaye. Ya jira Dogo ya tafi, sannan ya ce, "Malam, wa ya faɗi wannan?"

"Dogo mana. Ka ga ɓarawonka ya bayyana."

"Ni na faɗa."

Na yi dariya har da buga cinya. Ban taɓa manta fuskarsa ba. Ya kama hannuna, muka taka har Kwaciri, ya sa Raliat ta ba ni labari daga farko. Na koma gida kaina a ɗaure.

Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu. Akwai son a san shi a cikin lamarin, sosai ma. Amma akwai abin da ya fi wannan. Ya ji ƙishin-ƙishin cewa masu kaya suna so a soke gwangwani a koma kati da rajista, kuma ya san in aka yi haka ba tare da shi a wurin ba, murfin mara lafiya ya tafi ke nan. Raliat kuwa ba ta so ko kaɗan, don rumfarta a filin Alhaji Tasi'u take.

"Baban Dami," in ji ta, da sunan babbar 'yarsu take kiransa, "kai ka ce a ɓoye ka, an ɓoye ka. Yanzu kuma kuka kake an ɓoye ka. Ni ban gane irin mutumin da kake ba."

"Lokacin soja ne. Yanzu kowa na magana."

"Alhaji soja ne? Ya tafi tare da su?"

Bai saurare ta ba. Muka shiga mota ni da shi muka je jami'a. Malama Muhibba ta zama Dakta, tana da ofis da labule. Da ta ji abin da ya faru sai ta cire tabarau ta dafe kai. Ta ce sunan ƙanen kakanta ne, ta ce ta duba sunayen duk waɗanda ta yi hira da su babu mai shi. Na ce mata ai ba ta yi hira da Dogo ba, ba wanda ya taɓa yin hira da Dogo.

"To Malama, sai ki rubuta musu takarda ki ce ni ne."

"Baba, kai ka ce ko kai ka zo da ƙafarka."

"Ai ga ni na zo. Na fasa."

"Haka ka ce za ka zo ka ce. Kuma ka ce kar in yarda."

Baba Lekan ya juya ya kalle ni, na kalli silin. Ya ce, "Duba bayana. Malam Abdulmuminu ne kawai, shi kuwa ko kaza ba ta tsoronsa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai mutum arba'in da ɗaya a littafin, duk da alkawari ɗaya ta shiga gidajensu, in ta buɗe ɗaya sauran ba za su ƙara yin barci ba. Ya ce shi bai san su ba, kansa ya sani. Ta ce a ba ta mako guda. Ta tambayi malaman addini biyu a gidansu. Ɗaya ya ce tun da mai haƙƙi ya sauke, ta yi kaffara ta faɗa. Ɗayan ya ce mai haƙƙin da bakinsa ya toshe wannan ƙofar tun farko. Ta aiko mana cewa ita ma ba ta san abin yi ba, amma za ta zo ranar zaman farko.

Aka yi zaman wata Talata da safe a wani ɗakin taro a Sabon Gari. Baba Lekan ya miƙe ya ce shi ne Abdulgani. Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce yaushe Bayarabe ya koma ɗan Dambatta. Wani ɗan dako ya ce, "Baba, ashe kai ka sace wa kanka?" Sakatare, mutum mai son tsari, ya ce abin mai sauƙi ne. Ga littafi, ga mutum biyu, za a yi wa kowa tambaya, wanda amsarsa ta dace da littafi shi ne.

Ya tambayi inda aka ɓoye gwangwani. Baba Lekan ya ce buhun alabon matarsa. Dogo ya ce buhun masara a ɗakin abokinsa. Sakatare ya duba shafi, ya ba Dogo. Ya tambayi daga hannun wa aka ɗauke shi. Baba Lekan ya ce ba daga hannun kowa ba, dama a hannunsa yake. Sakatare ya ce ba haka littafi ya ce ba, kuma wani daga babban tebur ya tuna wa jama'a cewa akwai jawabin da Baba ya dangwala wa yatsa a wajen 'yan sanda cewa sace shi aka yi. Baba ya ce ƙarya ya yi musu. Aka ce to a yaushe za a san ya daina.

Tambaya ta uku ita ce me 'yan dako suke so. Dogo ya gyara babbar riga, ya rufe ido, ya zubo shafi ukun nan ba tuntuɓe, da muryata ma, har inda nake jan numfashi. Aka tafa. Baba Lekan kuwa ya buɗe baki ya manta jarrabawa ake yi. Ya yi maganar famfo da babu a filin. Ya yi maganar direbobi masu tara kaya ya wuce ƙa'ida, ya ce ya sake tunani tun bayan wancan lokaci, ba laifin mai buhu ba ne shi kaɗai. Ya yi maganar matasa da suke barin dako suna komawa acaɓa. Ya fara bayanin murfin mara lafiya, sakatare ya katse shi.

"Baba, duk wannan babu a nan."

"To ai shekara huɗu ke nan da na faɗi wancan. In tsaya inda na tsaya?"

"Mu dai mutumin cikin littafi muke nema."

Sai aka juya ga Dakta Muhibba, tana zaune a gefe da jakarta a cinya. Baba Lekan ya matso gabanta ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Malama, ga shaidu. Na sauke miki rantsuwa. Faɗi."

Na ga ta buɗe baki. Ina da yaƙinin faɗa za ta yi. Daidai nan Alhaji Tasi'u ya taso daga babban tebur a hankali, ya zagayo, ya tsaya a bayan Baba Lekan ya dafa kafaɗarsa kamar tsohon aboki.

"Faɗi mana, 'yata," in ji shi cikin fara'a. "Shekara biyar ina son sanin mutumin nan. Mu ma mu huta."

Ta kalli Baba Lekan, ta kalli hannun da ke kafaɗarsa. Ta ce, "Na yi alkawari ba zan faɗi sunan kowa ba." Ta ɗauki jakarta ta fita, kuma na ga tana share ido a bakin ƙofa.

Aka ba Dogo kujera.

Daidai ta yi ko kuskure? Na juya tambayar nan ta kowane gefe, ban sami amsa ba. Rumfar Raliat ta tsira, har ta aika wa Dakta kwanon abinci na godiya. Baba Lekan ya yi wata biyu ba ya cin abincin gidansa saboda kwanon nan. Alhaji bai taɓa shi ba. Wataƙila ya gane, wataƙila kunya ta hana shi ramuwa ba hujja, wataƙila ma ya ga abin da aka yi masa ya isa.

Dogo ya yi shekara shida a kwamiti. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Duk zaman da aka yi, ko maganar kwata ake, in aka zo kansa sai ya miƙe ya karanto shafi uku ya zauna. Aka kai shi rediyo ya karanto, aka kai shi taro Abuja ya karanto, aka kai shi Makka ya dawo Alhaji Abdulgani. A zama na huɗu aka soke gwangwani aka kawo kati mai lamba. Wanda bai zo da safe ba, babu shi a rajistar ranar. Dogo bai ce komai ba, don babu zancen mara lafiya a haddarsa.

Bayan an gama ne na ɗauko littafin ina dubawa don haushi. Na juya shafi na sittin da bakwai. Ga dokar murfin mara lafiya nan, rabin shafi cur, da kalmomin Baba Lekan. Sunan ne kawai ba a maimaita ba, "ya ƙara da cewa" aka rubuta. Da na juya takarda ɗaya tak a ranar nan, da Dogo ya haddace ta, da ya karanto ta sau ɗari a gabansu. Ban faɗa wa Baba ba sai bayan shekara uku. Sai ya ce in ba shi ruwa.

Ya kai gwangwanin gida da murafen a ciki, don ba wanda ya zo karɓar nasa. Ya bar zuwa filin. Zaɓe kuwa bai taɓa fashi ba, shi ne na farko a layi duk shekarar zaɓe, ya dawo bencina yana nuna mini tawada a yatsa, ya ce ko ba komai nan ana duba katinsa a yarda shi ne.

A 2011 wani Dakta Abdurra'uf ya zo filin, tsohon ɗalibin Dakta Muhibba, wai zai sake binciken a ga abin da ya canja. Aka ce masa akwai wani tsoho da ya taɓa riƙe gwangwani. Ya same mu a shago. Mutum mai ladabi, har ƙasa ya gai da Baba. Ya ce yanzu takardar tasu tana da gurbi biyu, wanda yake so a ɓoye sunansa da wanda yake so a bayyana.

Ban taɓa ganin Baba Lekan ya tashi da sauri haka ba tun da gwiwa ta kama shi. Ya ce a jira shi. Ya je gida ya sako farar riga da hula, ya dawo da gwangwani a hannu. Ya faɗi sunansa guda uku ɗaya bayan ɗaya, ya sa na duba harafi-harafi, ya sa aka gyara inda aka rubuta Rashid. Ya dangwala yatsa a gurbin bayyanawa, ya ƙara dangwalawa a gefe don kar a ce bai fito ba.

Dakta ya kunna rikoda ya ce, "Baba, yaya 'yan dako suke kare kansu a zamaninku?"

Baba ya gyara murya. "Mu ba mu da ofis, ba mu da hatimi. Alhaji ya ce gwangwani ne ya ɗauke mu aiki, sai na ba gwangwani..."

Dakta ya ɗaga hannu cikin girmamawa. "Baba, ka yi haƙuri. Wannan ta Alhaji Abdulgani ce, mun san ta, har a aji muna koyar da ita. Taka muke so mu ji."

Na ce, "Dakta, ai tasa ce."

Ya yi mini murmushi, irin wanda ake yi wa tsoho mai son abokinsa. Na gane murmushin, ɗan uwan dariyar da na yi ne a wannan shagon. Baba Lekan ya sunkuyar da kai. Ya duba cikin gwangwani, ya juya murafen da yatsa. Dakta ya jira, ya sake tambaya ta wata hanya, ya ƙara jira. Da ya ga shirun ya yi yawa sai ya kashe rikoda, ya yi godiya sosai, ya tafi.

Bayan shekara biyu ya aiko mini da sabon littafin, mutumin kirki. A lokacin Baba yana kwance, ciwon da bai tashi ba. Na bincika daga bango zuwa bango. A shafin ƙarshe kaɗai, cikin jerin waɗanda aka gode wa, na same shi: Rasheed Olamilekan Mubarak, ba kuskure ko na harafi ɗaya. Na kai masa har gado, na ɗora yatsansa a kai. Ya shafa, ya sake shafawa, ya kira Raliat ta zo ta gani. Sannan ya ɗago ya kalle ni, idonsa na haske.

"To Malam, karanta mini. Me suka ce na ce?"

Na lashi yatsa na shiga juya shafuka, kamar mai neman wajen.